Kashi Na Uku

Naira ɗari biyu na ba Marwana
a shagonsa na bakin titin Gidan Igwai,
ya tura mini fim, kashi na ɗaya da na biyu.
Ya ce, "Wanga sai kin yi kuka."
Na ce mu gani.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta,
zafin Sakkwato ya koro mu tsakar gida.
Na jingina wayar a jikin randa,
mu huɗu gaban gilashin da bai kai tafin hannu ba:
ni da Inna, da Gwaggo Ige mai ƙuliƙuli,
da Ubaida da ta shigo aron rariya
ta mance abin da ya kawo ta.

Wata mata ce mijinta ya rasu.
Ba a naɗe tabarmar makoki ba
ƙannensa suka iso da igiyar awo.
Suka raba gona, suka raba gida,
har keken ɗinkin da ta saya da kuɗin adashi.
Ta zauna bakin gado tana kuka,
kiɗa na bin hawayen a hankali kamar ɗan rakiya.

Ubaida ta kai bakin mayafi ga ido.
Inna na ɓarar gyaɗa, ba ta tanka ba.
Can ta matso, ta ƙura ido:
"Tsai da shi. Ku dibi hannunta.
Wagga ba ta taɓa wankau ba.
Kuma wa ka dahwa ma ɗiyanta tuwo
tana zaune tun la'asar tana kuka?"

Muka yi dariya.
Ita ba ta yi ba.

Ina 'yar shekara tara Baba ya rasu.
Fadamarsa na Kwalkwalawa, bakin gulbi,
albasa da tattasai, da rijiya ɗaya.
Na tuna takardar cikin leda,
ledar cikin kwalla, kwallar ƙarƙashin gado.
Na tuna Inna tana ƙirga kuɗin kabu-kabu,
na zuwa kotu daban, na dawowa daban.
Sau goma sha ɗaya aka ɗage zama.
A na sha biyu kuɗi suka ƙare.
Ta ɗaure ƙugu ta karɓi wankin unguwa,
sabulu ya cinye mata zanen yatsu.
Babu kiɗa.
Babu mai riƙe da kyamara.

A kashi na biyu alƙali ya bugi tebur,
cikin minti biyar gona ta koma hannun mai ita.
Babban azzalumin ya faɗi da mota,
yana kwance a asibiti yana roƙon gafara.
Sunaye suka fara hawa sama.

Gwaggo Ige ta ce, "Allah shi sa mu ga haka."
Ubaida ta ce ƙarya ce, amma mai daɗi.
Na jira tsakin Inna.
Sai ta ce, "Mai da shi baya,
wurin da tam miƙe gaban alƙali
taf faɗi sunanta da bakinta."

Na mayar.
Ta ce in sake.
Sau uku matar na miƙewa,
leɓɓan Inna na motsi tare da nata.

"Ni ran nan wakili yay yi magana.
Ko tari ban yi ba."

Batir ya yi ja, wayar ta mutu,
muka zauna da sauro da ɓawon gyaɗa.

Da asuba, ban gama alwala ba,
ta ce, "Marwana na da kashi na uku?"
Na ce ba a yi shi ba, Inna, labari ya ƙare.
Ta shiga ɗaki.
Na ji ƙarar murfin kwalla.
Ta fito tana kaɗe ƙura daga leda,
takardar ta yi launin shayi, ta kusa rabuwa a ninki.

"Karanta min, ke da kin yi boko.
A hankali, kar ki tsallake komi.
In kin ƙare ki tambayo min
nawa kabu-kabu ka amsa yanzu."