Aljihun Tuure

A Oulu, a wannan wata, rana ba ta son fitowa.
Sai hantsi ya wuce take leƙowa
kamar wadda ake bi bashi,
ta koma.
Ritva ta kunna fitilun ɗakin reno duka,
ta shimfiɗa leda, ta ajiye faranti a tsakiya.

Shekaranjiya cokali ɗaya ta zuba a roba,
ƙwayoyi busassu, ba su kai riɗi ba.
Dare guda suka sha ruwa suka ƙoshi,
suka wayi gari kamar 'ya'yan magarya,
ja da shuɗi, kore da ruwan ɗorawa,
santsin kuɓewa, sheƙin idon kifi.
Jiya ta raba rabinsu a kofuna, ta cika da ruwa,
ta jera a bayan taga.
Nan ba a neman firji. Garin ne firjin.

Kerttu ce ta fara, da yatsa ɗaya.
Ta janye, ta harari yatsan
kamar shi ya ci amanarta.
Otso kuwa hannu biyu ya cusa har gwiwa,
ƙwallayen suna sulɓewa ta tsakanin yatsunsa,
suna tsalle a ƙasa, yana bin su da rarrafe.
"Ban da baki, Otso. Ban da hanci."
Idon Ritva ba ya barin bakunan nan huɗu.

Aamu ta ɗauki cokali da ruwan ɗumi,
ɗis, ɗis, a kan ƙanƙara,
har rami ya buɗe, aka ji ƙas,
wani ja ya mirgino waje.
"Na fito da shi," in ji ta,
ta koma ceton na biyu.

Tuure bai fasa tasa ba.
Ya ɗaga ta ga fitila:
shuɗi uku a ciki, da kumfar iska ɗaya
wadda sanyi ya kama tana shirin tafiya.
Ya manna ta a kumatu. Ya kai ta kunne.
Ya daɗe.
Kakansa Veikko, mai huda ƙanƙarar teku
ya zauna a kan bokiti yana jiran kifi,
bana bai taka ta ba ko sau ɗaya.
Yana kwance a asibiti, hawa na huɗu,
inda tagogi ba sa buɗuwa.

Da babu mai kallo, a zatonsa,
sai ya zura ta cikin aljihu.

Kafin a gama shan miyar kifi
wando ya yi sharkaf har gwiwa.
Ya laluba. Ya sake lalubawa.
Shuɗi uku a tafin hannu, sai ruwa.
Leɓensa na ƙasa ya fara rawa.
"Ina ta je?"
Ritva ta durƙusa, ta taɓa jiƙaƙƙen wandon.
"Ga ta nan. Ɗumin jikinka ne ya yi mata yawa."

Ta nemo ƙaramar kwalba mai murfi,
shi ya zuba ukun, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa,
ita ta zuba ruwa, ta murɗa murfin da ƙarfi,
suka miƙa wa taga amana.
Bai yi barcin rana ba.
Sau biyar ya tashi da safa ya je dubawa.

Ƙarfe huɗu, duhu ya riga ya rufe gari,
uwarsa ta shigo tana karkaɗe takalma.
Ritva ta raɗa mata magana, ta nuna murfin.
Suka fita.
Ta taga ta hango su a ƙarƙashin fitilar titi,
yaron ya miƙe hannu nesa da ƙirjinsa,
kwalbar a cikin safar hannu,
yana takawa a hankali
kamar mai ɗauke da ƙwai.