Ranar Leda

Rana ta faɗi ba ta jira mu ba.
Muna bakin Binuwai, ƙarƙashin gadar Garwa,
Hamajoda na ta faɗin a sake, a sake,
don ɗan wasa ya manta kalmar ban kwana.
Sau bakwai ya ɗauko ta, sau bakwai ta suɓuce.
Kafin na takwas jan sama ya koma toka,
dorina ta yi atishawa can tsakiyar ruwa
kamar da mu take.

Sai idanu suka dawo kaina.
Ni ne mai fitila.
Ni ake tuhuma in rana ta ƙi.

Muka kwashe kaya sai Yalwa,
tsakar gidan Inna Tabawa,
wanda muka ara da jaka biyu
da alkawarin ba mai taɓa mata randa.
Goma na dare, janareta na tari.
Na zaro ledar launi daga ƙasan jaka,
wadda na sayo a Duwala shekara uku ke nan,
gefenta ya ƙone, ta yi tamoji kamar fatar gwiwa.
Na ɗora ruwan goro a bakin fitila,
na matse da abin maƙale shanya.
Ta yi ja fiye da kima,
sai ka ce gobara a rumbun auduga.
Na ƙara ruwan ɗorawa, ta huce.

Na sauke fitilar daidai ƙugu,
don ranar yamma ba ta duban mutum daga bisa,
ta gefe take zuwa, a hankali,
kamar mai neman rance.
Ɗanliti ya riƙe reshen darbejiya gaban haske,
na ce girgiza kaɗan, ba kakkaɓar mangwaro ba ce.
Inuwar ganye ta miƙe a bango,
doguwa, mai kasala.
Muka sa turare a kasko
don hasken ya sami abin kamawa.

Hamajoda ya leƙa kyamara, ya yi shiru.
Shirunsa shi ne ladana.

Ana cikin ɗauka labule ya motsa.
Inna Tabawa ce, buta a hannu,
yana ta cinye mata rabin gani.
Ta tsaya, ta ɗaga fuska wajen fitilata,
ta ce, Magariba ta dawo ne,
ko ni ce ban yi ba?
Ta ratsa tsakanin ɗan wasa da kyamara,
ta zauna bisa dutsen alwala.

Ba wanda ya ce a tsaya.
Ruwa na sauka daga gwiwar hannunta,
kowane ɗigo ya ɗauki launina
ya kai ƙasa kamar zuma.
Hannun Ɗanliti na rawa, ganye na rawa,
ni kuma kunya ta kama ni
irin ta wanda ya ba makaho tsohon kuɗi.

Na ce, Inna, leda ce. Dare ya yi nisa.
Ta shafa ƙafa, ba ta juyo ba.
Ta ce, Rabona da wannan launi
tun mai gidan nan na dawowa da kwalekwale,
kifi a igiya, rana a bayansa.
Bar min ledarka in idar.

Na bari.
Har na ji ƙaurin roba,
har tsakiyar ledar ta huje,
farin haske ya leƙo ta ramin kamar ɓarawo.

Fim ya fito bara.
An yanke ta, wai ba ta cikin labari.
Ɗan wasan ya faɗi kalmarsa, an tafa masa.
Ledar tana nan a jakata da hujinta,
ba ta sake aiki ba,
ban kuma iya jefar da ita.
Wani lokaci in na bi ta gada da la'asar sakaliya
nakan tsai da babur, in zaro ta,
in sa ido a ramin,
in ga yadda Mai aikin ke sauke tasa fitilar.