Ranar Teku a Kantin Kwari

Tun hantsi hadari ya haɗo ta gabas,
kafin azahar layinmu ya zama kogi.
Muka kwashi atamfa da shadda muka haye bene,
mu goma sha ɗaya, har da Kubura mai awara
da robarta a ka.
Aka ɗauke wuta. Waya ta ƙi shiga.
Kowa ya yi tagumi yana lissafin asara.

Sai Tasi'u ya tafa hannu:
"Jama'a, yau ranar teku ce."

Shekara bakwai ya yi yana gyaran gado
a jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa,
hawa goma sha huɗu, in ji shi, kuma yana tafiya.
Mu da iyakar ruwanmu Tiga da Challawa,
Na-Teku muke ce masa, mu ƙyafta wa juna ido.

Ya ce, "Akwai ranar da jirgi ba ya yada zango.
Ba gari, ba gaɓa, ko tsuntsu ba ka gani.
Ranar ce mai kuɗi ke tsoron zama da kansa.
Sai a zura masa takarda ta ƙarƙashin ƙofa:
ƙarfe tara miƙa jiki, goma kacici-kacici,
sha ɗaya a sassaƙa ƙanƙara ta koma kifi,
da yamma koyon rawa, da dare mai rufa-ido.
Kada dai a bar mutum da ruwa
su biyu suna kallon juna."

Ya jawo ragowar yadi, fari, ɗan kamu uku,
ya naɗe nan, ya murɗe can, ya lanƙwasa,
sai ga giwa zaune a kan kanta,
da hanci, da kunnuwa, da idon maɓalli.
Alhaji Mudi, da ruwa ya ci masa dila biyu,
ya so ya haɗe fuska, haƙora suka ƙi.

Daga nan jirgi ya tashi.
Aka zana dara a bayan kwali,
marafan lemo a gefe guda, ƙwallon dabino a gefe.
Aka yi gasar cankar yadi nawa ke cikin bandir,
Kubura ta cinye mu duka,
mu da muka tsufa da tef a wuya.
Aka tambayi ƙofofin birni, gardama ta kaure,
har yau ba a yanke ba.
Ilu ɗan dako ya tashi ya kwaikwayi mai taya kaya,
yadda yake tafiya kamar ya fasa, yana waiwaye,
muka yi dariya har wani ya ƙware da yaji.
Awara kuwa ta zama liyafar kyaftin,
bashi, kowa guda huɗu.

Na leƙa taga. Leda da takalmi ɗaya suna wucewa.
Benen kamar yana ɗan tangaɗi, ko cikina ne.

Na ce, "Na-Teku, kai a irin ranar
wace gasa kake shiga?"
Ya daɗe yana gyara kunnen giwar.
Ya ce, "Ni ina can ƙasa, ɗaki ba taga,
da tawul ɗari uku da ciwon baya.
Kiɗan ta silin yake zo mini.
In na rufe ido, Kwari nake ji,
a ba da hanya, a ba da hanya,
da amalanke tana taka mini ƙafa."

Gab da magariba ruwa ya janye,
ya bar mana taɓo har idon sawu.
Muka naɗe wando muka sauka ɗaya bayan ɗaya,
ba mai ɗaga mana hannu a gaɓa.
Alhaji Mudi ya koma lissafinsa da fitilar waya.
Amma na gan shi, da zai kulle shago,
ya sa giwar a aljihun gaba,
hancin yana leƙowa.