Kuɗin Komawa

Dubu huɗu na ƙirga da safe a bakin gado.
Na ware ɗari uku na zuwa, ɗari uku na komawa,
na sa su aljihu daban, na ja masu kunne.
Barira ta ce, "In ka ga tattasai mai sauƙi..."
Na ce, "To."
Ta san irin wannan to ɗin.

A Ƙofar Marusa na tsai da kurkura.
Mu uku a baya, na huɗu a gefen direba,
rabinsa a ciki, rabinsa yana shan iskar Allah.
Wata dattijuwa ta ɗora mini kwandon yakuwa a cinya,
ba ta tambaya ba, ni ma ban tanka ba,
haka muka zama 'yan'uwa har shataletale.
Direba ya san kowane rami a titin nan,
yana kauce masa kamar mai bin sa bashi.

Rumfuna goma sha ɗaya, janareta yana tari,
ƙamshin sabuwar takarda ya gauraya da na awara.
Malama tana ƙirga 'yan ajinta,
kullum sai ɗaya ya ɓace.
Wani mai babbar riga ya riƙe lasifika
yana yi wa karatu ta'aziyya, wai ya mutu,
ga yarinya a bayansa, tsaye kan ƙafa ɗaya,
tana haɗiye babi kafin mai rumfa ya gani.
Mai rumfa ya gani.
Sai ya juya yana gyara abin da ke a gyare.

Can ƙarshen layi na same shi,
bangonsa kore, rana ta ɗan ci gefensa:
sunayen itatuwan ƙasarmu, da hoto, da amfaninsu.
Marke, ƙirya, aduwa, taura.
Na ajiye. Na zaga. Na dawo kamar na yi mantuwa.
"Huɗu da rabi." "Haba, malam." "To, nawa gare ka?"
Aljihun dama ya ba da abin da ke gare shi,
na hagu ya yi shiru, ya yi shiru,
sannan ya ci amanar komawa.

La'asar sakaliya, hadari ya haɗo daga gabas.
Na ɗaga wa kurkura hannu da kunya,
na faɗa masa gaskiya tun kafin in hau.
Ya dube ni, ya dubi leda. "Mi ka sawo?"
Na nuna.
"Hau. Karanta mani, mu biya juna."

Iro sunansa, an rubuta a bayan kujera.
Na karanta gawo, mai tuɓe riga da damina.
Ya ce, "Nan ya faɗi gaskiya."
Na karanta taura. Ya taka birki da dariya:
"Mai littafin nan bai taɓa hawanta ba!
Akwai wata bakin gonar babanmu, wajen Batsari,
shekara shida rabona da inuwarta."
Bai ƙara ba. Ni ma ban tambaya ba.
Mutum biyu suka tsai da shi a Ƙofar Ƙwaya,
bai gan su ba, ko ya ƙi gani.
"Duba mani kanya," ya ce. "Akwai ɗinya?"
Ruwa ya fara buga rumfa, na ɗaga murya.

A bakin lungunmu ya kashe inji
sai da muka ƙare shafin.

Barira ta dubi hannuna, ta dubi leda.
Miyar daren nan fara ce, ba laifinta ba.
Na ci, na sha ruwa, na naɗe gefen takarda
daidai inda taura take,
ko gobe zan dace da Iro.