Gorar Nomau

A Agege, bakin layin dogo,
ni ne ɗan canjin da ba ya taɓa kalkuleta.
Dala, sefa, fam, riyal,
kafin baƙo ya rufe baki na faɗa masa sauransa.
'Yan layinmu na ce mini Alhaji Ƙwaƙwalwa,
ni kuwa ban taɓa cewa su bari ba.

Nomau kuwa, ko canjin ɗari biyar
sai ya ƙirga sau uku, ya dawo ya tambaya.
Da safe turin baro.
Da yamma, abin da ke ba mu dariya:
ya bi titi da gorarsa
yana ƙwanƙwasa murfin kwata ɗaya bayan ɗaya,
inda ɓarayi suka ɗage ƙarfe
ya kafa kara, ya ɗaura jan tsumma.
Wa ya sa ka? Wa zai biya ka?
Sai ya ce, "Ai rami ne."
Iyakar hujjarsa ke nan.

Wata Laraba sama ta yage tun hantsi,
titi da kwata suka zama uwa ɗaya uba ɗaya,
danfo suka tsaya cak, ruwa har gwiwa.
Na rungume jakar kuɗin mutane,
na yi lissafi: zagaye minti ashirin,
yanke minti huɗu.
Har yau ban ga kuskure a lissafin nan ba.
Na ga jan tsumma yana lilo,
na ce, shirmen Nomau ne,
na taka.

Abin da na sha a ƙasan Ikko
ba a faɗarsa gaban abinci.
Gora ce ta taɓa kafaɗata,
na riƙe ta riƙon yaro da zanen uwarsa.
Ya jawo ni, ya jawo jakar.
Bai ce ai na gaya maka ba.
Ramin ya duba, ya sosa ƙeya:
"Karan ya yi gajere. Gobe zan sa dogo."

Mun shanya daloli a kan kwanon shago,
kowace da dutse a kanta.
Ina gadinsu kada iska ta kwashe,
ina tambaya: wayo nawa ke sayen hankali ɗaya?
Wannan canjin ban san farashinsa ba.

Yanzu in an ce Alhaji Ƙwaƙwalwa,
nakan waiga tukuna,
ko da wani a bayana.