Makulli Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina shaƙar alli,
na fito da kuɗin sallama a ƙullin zane.
Na haɗa da kwasar adashen Tasalla
da kuɗin keken ɗinkin da na saki ina hawaye.
Na ƙirga sau uku. Bai ƙaru ba.

Ɗanjuma dillali, mai hular sanyi har kunne,
ya dubi lambar da na rubuta a tafin hannu,
ya ce, "Malama, a Rayfil wannan kuɗin ƙofa ne,
ƙofar ma ban da kwaɗo."
Muka yi dariya. Tawa ta tsaya a maƙoshi.

Muka fara da Rikkos, gangaren rafi.
Gida tsaf, siminti har bakin murhu,
sai na ga layi a bango, daidai ƙuguna,
inda ruwa ya sa hannu daren da ya zo ba sallama.
Ya ce fenti zai rufe.
Na ce ruwa ya san hanyar gidan da ya taɓa kwana.

Na biyu yana kan iyaka, araha kamar tsintuwa,
ɗaki huɗu, rijiya, bishiyar fiya.
Na ɗaga kai, katakon rufi baƙi ƙirin,
a jikin ƙyaure kuma wani ya auna tsayin ɗansa da ƙusa,
zane biyar, ɗaya bisa ɗaya,
daga nan sai itace.
Ban tambayi sunan mai shi ba,
ban tambayi ranar da ya fita ba.
A Jos in araha ta yi yawa, shinshina bango.

Bayan Bukur aka nuna mini fili,
gefensa tafkin kuza, kore shar, ba ya motsi.
Ɗanjuma na yabon iska,
ni ina tunanin jikana Sagiru,
ɗan shekara huɗu da ba ya jin kira.

Sai na sallami dillali, na koyi zuwa da almuru,
don kowace unguwa da hantsi kyakkyawa ce.
Nakan zauna a bencin mai shayi
ina lissafin abin da ba ya shiga takardar ciniki:
ƙarfe nawa mai kanti ke jan ƙofa,
ko mai keke zai yarda ya shigo bayan isha,
ko shanya na kwana a igiya.
Da hanya nawa ce ke fita in gari ya ɗau zafi,
wannan nakan ƙirga a zuci, kunya nake ji.

Takalmi biyu na kashe.

Can bayan Daɗin Kowa, inda kwalta ta gaji,
na tarar da ciki da falo, ba silin,
dutse ya cinye rabin tsakar gida.
Yara na buga ƙwallon leda, duhu bai kore su ba.
Wata tsohuwa na sheƙar acca a maƙwabta,
Ngo Kaneng, ba ta ko ɗago ba ta ce,
"Makullin yana wurina, tun zamanin Barau mai gidan.
Shekarar da gari ya rikice
'ya'yansa ƙarƙashin gadona suka kwana.
Wata shekarar nawa suka kwana a nasa.
Kina da yaro? Kawo shi, akuyata ta haihu."

Ban biya a ranar ba, ni ba yarinya ba ce.
Na je wurin mai unguwa, na je ofishin filaye,
na koma da ruwan sama, na ga inda yake bi.

Yau saura dubu goma sha ɗaya a ƙullin zane.
Sanyi na saukowa ta kwano kamar shi ya saya,
dutsen nan kuwa na shanya barkono a kai.
Takarda na ƙarƙashin katifa.
Makulli biyu maƙeri ya yanka mini,
ɗaya a haɓar zanena,
ɗayan na miƙa ta kan katanga.