Jan Goro

A Aboabo, bayan tashar mota,
akwai shagon da ƙofarsa ba ta rufuwa.
Nan Sallau yake, ɗan Azumi mai koko,
farcensa bai taɓa kwana da launi ɗaya ba.

Da zayyanar allo ya fara.
Malam ya ce, hannun yaron nan ya riga bakinsa sauka.
Daga nan sai allon masu aski:
kai shida, aski shida, fuska ɗaya.
Sai bayan motocin haya, inda ya rubuta
“Komai Nisan Dare” sau ɗari
har shi ma ya fara yarda.

Goro ne ya kawo kakansa Kumasi,
ya zo da jaki, ya mutu da Tuwi a baki.
Shi ya sa jan Sallau jan goro ne,
wanda aka tauna aka tofar.
Ruwan ɗorawar kuwa na masaƙan Bonwire ne,
ya sato da ido wata Laraba,
bai mayar ba.

Wata baƙuwa ta tsaya gaban zanen Kejetia,
ta ce, ina mutanen?
Ya ce, ja da baya.
Ta ja. Sai ga su, kwano bisa kai,
laima na gogar laima.

Yanzu ido ya fara gajiya.
Shekara tara yana zanen uwarsa.
Tukunya ta fito, ludayi ya fito, har tururin.
Fuskar ce ta ƙi.
Da asuba sai ya shafe ta da fari,
ya aika a sayo koko,
ya kurɓa, ya ce, citta ta yi kaɗan,
ya sake ɗaukar buroshi.